Na Yi Wa Inna Ɗaki Fari Tas, Ta Koma Kwana A Sito

Assalamu alaikum Hajiya mai wannan fili. Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sani tun farko ni ba mutum ba ne mai yawan neman shawara. A aji uku na sakandare karatuna ya tsaya. Daga nan na shiga koyon yankan gilashi da haɗa tagogin alminiyo, yau shekara ashirin da shida ke nan. Ina da shago mai ƙofa uku, da injin yanka biyu, da ma'aikata bakwai magidanta. Na aurar da ƙannena mata biyu. Na gina gidana tun daga harsashi har rufi, babu wanda ya ba ni bulo ɗaya. Zanen gidan ma ni na yi shi a bayan kwali, injiniya ya duba ya ce bai ga abin gyarawa ba. Ba alfahari nake ba, so nake ki san da wa kike magana.

Matsalar ita ce mahaifiyata. Inna muke ce mata. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, ta raine mu mu huɗu a ɗaki ɗaya na haya wanda ko taga babu. Da rana tsaka sai an kunna fitila kafin ta ga kafar allura. Tun ina yaro na yi wa kaina alkawari, in Allah ya buɗa mini sai na yi wa matar nan ɗakin da duhu ba zai sami wurin tsayawa ba. Shekara goma sha biyu tana zaune a wurin ƙanina, malamin firamare ne, gida ciki biyu da falo, ga 'ya'ya biyar. Duk tsawon lokacin nan ina haƙuri ina gini.

To na cika alkawari. Ɗakinta ya fi nawa girma. Bango fari, silin fari, tayil fari mai ƙyalli wanda kina tafiya kina ganin fuskarki a ciki. Taga tun daga ƙugu har sama. Ƙwan lantarki goma sha biyu na binne a cikin silin. Ƙofar banɗaki na yi ta fara, ta saje da bango, sai an nuna wa baƙo inda take, kuma wannan dabarata ce ban gani a wurin kowa ba. Murfin durowar kaya madubi ne tun daga ƙasa har sama. Tsakanin ɓangarenta da falo na sa ƙofar gilashi mai turawa gefe, ba ta da firam ko kaɗan, kamar babu komai a wurin. Teburin tsakiyar falo ma gilashi ne, da hannuna na goge bakinsa. Mutane na zuwa suna ɗaukar hoto. Wani ɗan kwangila ya tambaye ni wane kamfani ya yi aikin, na ce masa kamfanin ne yake tsaye a gabansa.

Wata huɗu ke nan da na ɗauko ta. Ranar da ta shiga ta sa mini albarka, ta yi shiru. Na ɗauka daɗi ne ya hana ta magana. Sati bai cika ba na tarar ta rufe madubin da tsohon zani. Sai ta daina fitowa falo, ita da ba ta iya cin abinci sai da jikoki a gabanta. Wata rana na ga ƙulu a goshinta, ta ce ba komai, daga baya maiɗakina ta gaya mini da ƙofar gilashin ta yi karo. Na ba da umarni a riƙa barinta a buɗe, amma kin san yara. Sannan ta kama tafiya tana dafa bango, duk ya yi shatin hannu. Sau biyu na kira mai fenti ya shafe. Ban ce mata uffan ba, wallahi, amma tun da aka yi na biyun ta daina taɓa bangon, sai ta tsaya a bakin gado ta ƙwala wa maiɗakina kira ta zo ta riƙe ta.

Ban zauna ba. Sau uku na sauya wa ɗakin tsari. Na mayar da gado kusa da taga, na dawo da shi, na juya kujera, na canza labule zuwa farin leshi. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe mata idanu duka biyu, ba za a yi aiki ba sai sukarinta ya sauka, sai na ce ai mai raunin ido haske yake buƙata, na ƙara ƙwai huɗu. Kin san abin da ya biyo baya? Ta naɗe tabarmarta ta koma sito, ɗan ɗakin ajiya da ke gefen kicin. Ko fenti ban yi masa ba, filasta ce kawai da daɓen siminti da tsohuwar ƙofar katako da na ciro daga shago. A nan uwata take kwana, tsakanin buhun shinkafa da jarkar mai, a gidan da na gina. Na yi magana ta ce can ya fi mata iska. Iska, a sito!

Shekaranjiya ƙanwata ta kira ni ta ce Inna ta aika wa ƙanina ya zo ya ɗauke ta ƙarshen wata. Ni ba ta gaya mini ba. Ba na son in zargi kowa, amma tun ranar da ya zo ya ga gidan ya ce ya yi kama da asibiti, yana dariya, na san da magana a cikinsa. Maiɗakina ta ce in bar tsohuwa ta je inda ranta ke so. Ni kuwa ba zan bari ba. Ba don abin da mutane za su ce ba, ko da yake za su faɗa. Can ɗin da jikoki uku take kwana, banɗaki a tsakar gida, in ruwa ya sauko sai an riƙe mata lema. Na sha wuya don kada ta ƙare kwanakinta haka.

Saura kwana goma sha bakwai. Na riga na yanke zan tayar da ɗakin gaba ɗaya. Ina tunanin ruwan madara da ratsin ruwan zinare, da babbar fitila mai reto a tsakiya, da sabon gado. Ki gaya mini launin da tsofaffi suke so, sauran aikin ki bar mini, ban taɓa sa hannu a abu ya gagare ni ba. Kuma don girman Allah kada ki ɓoye sunana ki sa mini irin "wani bawan Allah" ɗin nan da kuke sa wa mutane. Ban yi abin kunya ba. Ki buga sunana cikakke kamar yadda na rubuta shi a ƙasa, a san wanda ya yi wa uwarsa wannan ɗaki.

Daga Mai Gilashi

Wa alaikumus salam Malam. Sunanka yana nan a wurina, amma ban buga ba. In na buga shi na buga Inna, unguwa ta san inda take kwana, ita kuwa ba a tambaye ta ba. Aikin da ka yi na ɗa nagari ne, babu mai ƙwace maka wannan.

Kafin ka sayi gwangwanin fenti ko ɗaya, ga abin da za ka yi gobe. Ka yanko gilashin nan mai hazo da kuke sa wa tagar banɗaki, ka kara shi a fuskarka, ka tashi daga gadon Inna ka nemi banɗaki, sannan ka nufi falo. Kusan haka mai yanar ido yake gani. Farin bango da farar ƙasa da farar ƙofa duk abu ɗaya ne a wurinta, ba ta san inda ƙasa ta ƙare bango ya fara ba. Ƙyallin tayil da ƙwai goma sha shida kashe mata ido suke. A sito kuwa tana ganin ƙofa don baƙa ce, tana jin daɓe a tafin ƙafarta, hannunta na kai wa ko'ina, kuma babu mai fentin da zai zo bayanta. Gidan ƙaninka ma ba kyau ya fi naka ba, ta haddace shi ne da ƙafa da hannu. Kai kuma duk lokacin da ta fara haddace naka sai ka juya gado.

Ita ma da nata laifin. Da ta faɗa maka tun farko da ba a kai nan ba. Amma ka yi mata uzuri, uwa ba ta iya kallon ɗanta ta ce abin da ya yi shekaru yana gina mata tsoro yake ba ta. Ta ga tafiya ta fi mata sauƙi a kan ta kushe aikin hannunka.

Ka ajiye maganar ruwan zinare da fitila mai reto. Bango a yi masa launi mai ɗan nauyi marar sheƙi, kamar ruwan ƙasa mai haske. Ƙofar banɗaki da firam ɗinta da makunnin wuta su yi duhu sosai, yadda za ta hango su daga gado. Ka rufe tayil da kafet mai duhu daga bango zuwa bango, a manne shi, kada ka sa ƙananan dardumomi masu harɗe ƙafa, banɗaki kuma a shimfiɗa abin da ba ya santsi. Ka cire madubin. Ƙofar gilashin ka yi mata firam da faffaɗan ratsi daidai idonta, ko ka cire ta, teburin kuma ya matsa gefe. Ka haɗa mata ƙarfen dafawa tun daga gado har banɗaki har falo, wannan aikin yini ɗaya ne a wurinka. Ka rage ƙwai, ka sa labule mai kauri. Idan an ajiye kaya, kada a ƙara motsa ko kujera. Likitanta ma ka tambaye shi irin hasken da ya dace da idonta.

Abin da zai fi maka wuya shi ne na ƙarshe. Ka je siton ka zauna a tabarmarta, ka ce ka gane ɗakin yana wahalar da ita, ka tambaye ta inda take son gado. Ka kira ƙaninka ya zo ya taya ka, shekara goma sha biyu ya yi yana lura da tafiyarta, ya san abin da kai ba ka sani ba tukuna. Ka roƙe ta ta gwada sati biyu bayan gyara. In duk da haka ta ce za ta tafi, kai ne za ka kai ta da motarka, da sakin fuska, ka ce ɗakin na nan yana jiranta bayan aikin ido. Wadda aka raka da daɗin rai ba ta jin nauyin dawowa.

Allah ya ba Inna lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a, ya bar ku tare.