Jikokina Za Su Tafi Hutu Wajen Birai

Malama Sadiyya, salamu alaikum. Ki agaza mini da shawara, saboda Allah Ya ba ni ɗa mai albarka har albarkar ta fara yi mini yawa. 'Ya'yan wasu suna kai iyayensu Madina ziyara, ko Ɗa'if shan iska. Nawa, Abduljalil, ma'aikacin kamfani ne a can wajen Abhur, tunaninsa ya wuce nan. Malesiya zai kai ni, tsakiyar kurmi, in kalli birai.

Matarsa Ghada ce ta tsara tafiyar, yarinya mai ilimi, masha Allah. Ta nuna mini hotuna a jawwal, wato wayar hannu. Za a kwana a ɗakin katako a bakin kogi, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa. Da sassafe a shiga kwalekwale neman wani jan goggon biri, wanda ta ce ba lalle ne ma ya fito ba. Ni dai shekara da shekaru ina sayar da humra da turaren wuta a kasuwar Bab Makka, ban taɓa ganin cinikin da mai saye zai biya, kaya kuma su ce sai sun ga dama ba. Akwai gadar igiya a saman bishiyoyi, wai an yi ta daidai da yara da tsofaffi. Akwai matsattsaku, amma kada in damu, ana ba da doguwar safa.

Sai dokokin wurin guda biyu. Ba a sa turare, yana jawo ƙwari. Ba a surutu a kwalekwale, dabbobi suna gudu. Malama, ni da ko shara zan zubar sai na turara mayafina. Shiru kuwa, ko a zaman makoki ba a san ni da shi ba.

Kakana daga Haɗeja ya taso a ƙafa. Ya ratsa Cadi, ya ratsa Sudan, ya sha kwana a kan bishiya saboda kuraye, duk don ya fitar da zuri'arsa daga daji ya kawo ta kusa da Ɗakin Allah. Yau ga tattaɓa kunnensa zai hau jirgi ya koma. Haka na faɗa a cin abincin Juma'a, gaban iyayen Ghada. Kowa ya yi dariya ban da Abduljalil. Da zai tafi ya sumbaci kaina kamar kullum, ya ce ƙarshen makon nan zai rufe sunayen matafiya, in ina so bismilla, in ba na so halas, shi ke nan.

To ga abin da ya sa na rubuto. Duk ijaza, wato babban hutun makaranta, jikokina Saif da Layan wurina suke yin ta a unguwar Sa'alaba. A nan kaɗai suke jin Hausa. Suna zuwa suna ce mini Sitti da Larabci, suna komawa suna ce mini Kaka, har Layan ta iya neman ƙarin miyar kuka da bakinta. Kafin shekara ta zagayo rabin Hausar ya zube, in sake ɗinkewa. Bana kurmi ya cinye farkon hutun, ragowar kuma an riga an rubuta su makarantar koyon iyo. Saif ya fara tsawo, ban tabbata baɗi zai yarda ya zauna da tsohuwa ba.

In na bi su, na lashe amaina a gaban surukai, in zauna a kwalekwale ba ƙamshi ba magana kamar buhun gawayi. In na ƙi, shekara ta tafi. Ina zan sa kaina?

Mai Turare, Sa'alaba, Jidda.

Wa alaikumus salam, Hajiya Mai Turare.

Kina da gaskiyarki. An taɓa al'adar da kika daɗe kina riƙe da ita, ba a tuntuɓe ki ba sai da aka gama shiri. Damuwarki kan harshen yaran kuma ba ƙaramin abu ba ce, gidaje da yawa a nan Jidda sun yi sake har ya kuɓuce musu.

Shi ma Abduljalil yana da tasa. Da ya ga dama da ya kwashi iyalinsa ya turo miki hotuna. Ya sa ki a ciki, aka zaɓi tafiya mai sauƙi da ke za ki iya, sai kyautar tasa ta zama abin dariya a gaban surukansa. Kin san kasuwa, kin san yadda mai kaya yake ji idan aka kushe masa haja a gaban jama'a.

Shawarata ki je. Ki kira shi kafin ƙarshen mako, ku biyu kawai, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini game da Saif da Layan. Ina zaton labarin kuraye kaɗai ya ji, bai taɓa jin wannan ba. Ki nemi a bar miki su kwanan Alhamis da Juma'a bayan an dawo, koyon iyo ba zai hana ba. Ghada kuma ki tambaye ta abin da ya kamata ki ɗauka, za ta gane sulhu ne.

Ki ga likita tukuna, ki tafi da magungunanki da takalmi mai kama ƙasa. Gadar igiya ba farilla ba ce. Turare ki adana shi don ranar dawowa, ban ji kin ce kakanki ya turara rigarsa kafin ya hau bishiya ba. Shirun kwalekwale na ɗan lokaci ne, sauran yinin naki ne. Labarin tafiyar kakanki da yara suke ji suna hamma a falo mai sanyi, a bakin kogin nan za su roƙe ki ki maimaita.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya raya zuri'a. In kuma kin zaɓi zama, ki yi wa kanki wannan lissafi: ranar da Layan ta fara ganin kada da idonta, ba ki a gefenta, da wane harshe za ta kira shi?

Malama Sadiyya