Muryata ce a kasat ɗin, amma maganar taka ce

Zuwa ga Mushe (wato Malam) Lawali, malami mai koyar da nahawun Ingilishi a jami'a.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ɗiya ke yi wa uba, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ɗalibanka. Allah ya sa aiki na tafiya daidai.

Sunana Habsu, daga Tawa. Wataƙila ka manta sunan, amma ba ka manta muryar ba, tunda na ji har yanzu da ita kake koyarwa. Ni ce yarinyar da ka zauna da ita a zauren gidanmu da daminar bara, wadda ba ta yi ruwa ba, kana ɗaukar maganarta da manyeto, na'urar nan ta ɗaukar murya. Karatuna bai wuce sartifika ba, takardar gama firamare. Rubutun Hausa ma a ajin yaƙi da jahilci na koya, inda nake raka gwaggona. Ban taɓa rubuta wa babba takarda ba, balle wadda kowa zai karanta. Na yi haka ne domin saƙon da na aika maka a asirce ya dawo mini da dariya. Abin da ya same mu a bainar jama'a ya same mu, saboda haka a bainar jama'a zan yi maka magana.

Na farko, bari in faɗi yadda aka yi, saboda masu karatu da ba su sani ba.

Ka zo Tawa cikin dogon hutu, ka sauka gidan maƙwabcinmu. Ka ce kana tara maganar mutanen Adar ne domin ka gwada ta da Ingilishi a gaban ɗalibanka. Ka yi wa babana bayani cewa kowace jimla tana da gindi guda, ana iya juya ta ta zama tambaya, ko a jawo abin da ke ƙarshe ya dawo farko, amma gindin na nan. Ka ce Ingilishi da Hausa duk haka suke yi, kuma ɗalibi ya fi gane na Ingilishi idan ya fara ganinsa a harshen da ya sha a nono. Kana zana wani itace a takarda, kansa a sama, rassansa na sauka ƙasa, kowane reshe da kalmarsa. Ba zan ɓoye ba, abin ya burge ni. Har bayan tafiyarka na riƙa zana irinsa da tsinke a ƙasa.

Ka nemi wanda ke magana a hankali, ba ya haɗiye kalma. Aka ce ga Habsu, ita da ba ta ɗaga murya. Baba ya zauna tare da mu a zauren, kamar yadda ya kamata.

A lokacin babana ne ke riƙe da tiyar awo, wato kwanon auna hatsi, a unguwarmu. Mutanen unguwa ne suka zaɓe shi ya riƙa auna hatsin taimako idan kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo. Sun zaɓe shi don haifaffen wajen Barmu ne, yana jin Buzanci, kuma yawancin waɗanda suka yi zango a bayan gari Buzaye ne da Hausawan arewa da dabbobinsu suka ƙare. Ba a biyansa. Yakan dawo da ƙurar jar dawa a gemu, ya wanke, ya ci abin da muka ci.

Ranar ana sauke buhuna a bakin hanya, muna hango su daga zaure. Ka ce kana son jimla mai mutum, da aiki, da abin da aka yi wa aikin. Ka dubi buhunan, ka dubi Baba, ka yi murmushi, ka haɗa jimlar da sunansa: Wane ya ɓoye hatsi. Na rubuta Wane a nan domin ba zan sake kama sunan ubana ba. Sau ɗaya aka sa ni, ya isa.

Na sunkuyar da kai na ƙi. Mushe, kai Bahaushe ne, ka san ɗiya ba ta kiran sunan ubanta. Ko wani yaro ne a unguwa ya ci sunan, sai in ce masa Mai-sunan-Baba. Ka ce ai ba da shi ake ba, suna ne kawai mai sauƙin rubutawa a allo. Baba da yake mutum ne mai girmama baƙo da masu ilimi, ya yi dariya ya ce, "Faɗi mana, Habsu, aikin karatu ne, ni na yarda." Sai na faɗa. Kana juyawa ina maimaitawa: Hatsi ne Wane ya ɓoye. Wane ne ya ɓoye hatsi. A ɗaka Wane ya ɓoye shi. Na san Wane ya ɓoye hatsi. Hatsin da Wane ya ɓoye yana da yawa. Haka muka yi ta yi har aka kira la'asar.

Na biyu, kuma wannan nake so kowa ya riƙe. Ba ka barin manyeto yana tafiya idan kai ne ke magana. Ka ce batir yana wuya a Tawa. Sai ka faɗa mini jimlar, sannan ka danna, in maimaita, ka kashe. Saboda haka babu muryarka a kasat ɗin ko kaɗan. Babu dariyar Baba, babu inda na ƙi, babu inda ya ce ya yarda. Muryar yarinya ce kaɗai, tana rawa saboda kunya, tana kiran sunan ubanta tana cewa ya ɓoye hatsi, ta kowace fuska da za a iya faɗa.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Da hutun lokacin sanyi ka raba wa ɗalibanka kasat ɗin, ka ce kowa ya je gida ya saurara, ya rubuta jimlolin, ya zana musu itace, ya kawo takwarorinsu na Ingilishi. Cikin ɗaliban akwai Mamman, ɗan Alhaji mai shagon yadi a bakin kasuwarmu. Ya zauna a ƙofar shagon ubansa da yamma yana aikinsa, ya kunna kasat ɗin a rediyo, mutane na shan shayi a gefe. Wani tela ya ce a dakata, ai wannan ɗiyar mai awo ce. Aka sa Mamman ya mayar da kasat ɗin baya. Kafin magariba maganar ta kai masallaci, kafin wayewar gari ta kai zango.

Mamman ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya ce darasi ne, ya nuna musu zanen itacen. Suka ce masa ɗan lakwal, wato ɗan boko, yana kare malaminsa. Wani dattijo ya tambaye shi, a wane darasi ne ake sa ɗiya ta kama sunan ubanta? Ya ce shi a rayuwarsa wuri ɗaya ya san ana yin haka, gaban hukuma, idan an sa mutum ya faɗi gaskiya. Kuma ku ji yadda muryarta ke rawa, in ji shi. Nan maganar ta zauna. Mutanen da suka wuni a layi suka koma da rabin tiya, ba su da haƙurin sauraron bayanin nahawu, kuma ban ga laifinsu ba.

Ka san zamanin da muke ciki. Ka san abin da ake yi wa wanda aka ce ya taɓa cimakar talakawa. Jandarmomi suka zo gidanmu. Ba ƙararsu nake yi ba, an kai musu magana ne suka bi. Suka soke rumbu da ƙarfe, babu komai ciki sai ƙaiƙayi. Suka fitar da gadon Inna tsakar gida, suka tona daɓen ɗakinta, saboda kasat ya ce a ɗaka. Suka tafi da Baba. Ni kuma aka kira ni gaban mai unguwa, aka kunna, aka ce muryarki ce? Na ce tawa ce. Ba a ƙara tambayata komai ba, aka ce in tashi.

An sako Baba bayan 'yan kwanaki, tunda ba a sami ko ƙwaya ba. Amma sakin mutum daban, wanke shi daban. Babu wanda ya tsaya ya ce ƙarya ne. Aka karɓe tiyar aka ba wani, wanda ba ya jin Buzanci, har yanzu matan zango na tsayawa a gabansa suna nuna yawan 'ya'yansu da yatsu. Baba ya bar sahun gaba a masallaci, yana zuwa bayan an tayar, ya fita kafin a shafa. Mutanen da a da suke tsayawa su gaishe shi har da tambayar iyali, yanzu hannu suke ɗagawa daga nesa. Wata tsohuwa daga Takanamat da jikanta ya rasu a zango ta zo har ƙofarmu, ba ta yi zagi ba, ta tsaya tana kallon rumbunmu, ta juya. Ranar Baba bai ci abinci ba.

Ni kuwa a bakin rijiya sunana ya koma 'yar kasat. Wasu na cewa na tona asirin ubana, wasu na cewa na yi masa ƙage. Ban san wanda ya fi ciwo ba. Baba bai taɓa ce mini komai ba, sai dai idan na kai masa ruwa ya ce Allah ya yi albarka, bai dube ni ba. Na san ba fushi yake da ni ba. Kunyata yake ji, don shi ya ce in faɗa.

Na huɗu, amsarka. Da Mamman zai koma, na roƙe shi ya gaya maka duk wannan. Da ya sake zuwa gida ya yi ta guje mini, sai da na tare shi. Ya ce ka yi dariya, ka ce Allah ya kyauta, ka ce a gaya musu misali ne kawai, ko a Ingilishi haka ake yi, a ɗauki suna a ce ya karya taga ko ya harbi kare, ba wanda ke zuwa kama shi. Ya ce ka ƙara da cewa jimlolin sun yi kyau ƙwarai, ɗalibai sun fi gane darasin da su.

Mushe, ni ma na yi lakwal. Na san mutanen da ke cikin littafin karatu. Ana cewa sun tafi kasuwa, ana cewa sun faɗi daga keke. Amma waɗannan ba su da gidan da za a tona, ba su da masallacin da za su shiga. Kai mutum mai rai ka ɗauka, yana zaune gabanka, ya ba ka tabarmarsa. Kuma cikin duk abubuwan duniya, hatsi ka zaɓa, a shekarar da ake binne yara saboda shi. In misali ne kawai, me ya hana ka sa sunan naka mahaifin?

Ba cewa nake aikinka banza ne ba. Ban kai in auna shi ba, kuma na ga yadda kake son sa. Ku ci gaba da juya jimloli, Allah ya ba da sa'a. Amma ka san yadda magana ke juyawa a allo, ba ka tsaya ka tambayi yadda take juyawa a unguwa mai yunwa ba.

Ga abin da nake nema. Ba kuɗi ba ne, kada ka aiko, za mu mayar.

Ka karɓe kasat ɗin daga hannun kowane ɗalibi, kada a sake kunna shi a aji ko a waje. Idan kana son jimloli, ka ƙirƙiri mutumin da babu shi.

Abin da ya fi wannan, ka zo Tawa da kanka. Takarda ba za ta yi ba, a nan ido ake gani. Ka tsaya a ƙofar mai unguwa bayan sallar Juma'a, inda aka kunna muryata, ka faɗa da bakinka cewa kai ka haɗa maganar, kai ka zaɓi sunan, na ƙi, kuma kana kashe manyeto idan kai ke magana. Ka zo da manyeton, ka nuna musu yadda ka yi. Sannan ka bi ta zango, Baba zai fassara maka. Ana cewa za a raba iri kafin ruwan farko, kuma za a sake zaɓen mai awo. Ko su mayar masa da tiyar ko kada su mayar, wannan nasu ne. Ni dai ina so ranar ya iya fita ya tsaya cikin mutane.

Idan ruwan farko ya sauka ba ka zo ba, ni zan zo. Ban taɓa wuce Kalfu ba, amma gwaggona ta ce za ta raka ni, kuma mun riga mun yi magana da direban kamiyon albasa. Zan tsaya a ƙofar ajinka in faɗi duk abin da na rubuta a nan, ko da muryata za ta yi rawa. Ɗalibanka sun riga sun san ta, ba sai an gaya musu ko ni wace ce ba.

Allah ya ƙara maka ilimi mai amfani, ya tsare maka mutuncinka da na iyayenka, ya sa kada 'ya'yanka su ga abin da na gani. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Wassalam.

Habsu, ɗiyar mai awo,
Tawa.