Ajin da Kuka Kira Aneks Ba Ya Jingine da Komai

Zuwa ga Mai Girma Jami'in Ilimi na yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne malamin da kuka tura aji guda ɗin nan na bayan duwatsu, kan hanyar Roni, wanda takardunku ke kira aneks.

Da gwamnati ta ce kowane yaro ya shiga makaranta, firamaren garinmu ta cika maƙil, sai aka gina wannan aji saboda 'ya'yan rugage. Na tambayi akawunku ma'anar kalmar, ya ce wai ƙarin ɗaki ne da ke jingine da babban gini, kamar shago a jikin gida. Ranka ya daɗe, nawa ba ya jingine da komai. Tsakanina da uwar makaranta tafiyar awa guda ce a keke, da damina kuma sai na saɓa keken a kafaɗa na tsallake rafi.

Ga kokena.

Na farko, sufeto in ya zo, a uwar makaranta yake tsayawa. Ya sha fura, ya rubuta a littafin baƙi cewa ya duba makaranta har da aneks, ya hau babur ɗinsa. Damina uku ke nan ban ga ƙeyarsa ba.

Na biyu, da na nemi a ƙaro mini malami, an ce aneks ba makaranta ba ce, malamanta suna can cikin gari. To, ni a nan da wa zan yi shawara? In aka tashi yara, ba na jin muryar kowa sai kukan shanu. Ardon rugar, Allah ya saka masa, shi kaɗai ke leƙowa ya ce mini sannu da zama. Kaɗaici ya ishe ni, ba na ɓoyewa.

Na uku, laifina ne zan faɗa da bakina. Da mai ɗakina ta rasu bayan girbi, na kulle ajin kwana bakwai ba da izinin kowa ba. Na yi ta jiran takardar tuhuma. Wallahi da ta zo, da na yi murna. Har yau babu wanda ya sani.

Roƙona, a turo mini abokin aiki. In hakan ya gagara, a turo wanda zai tuhume ni, in ya so ya zauna mu gaisa.

Allah ya ƙara girma, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam,
Malamin aneks.