Baba ya ajiye maganinsa saboda hadda

Salamu alaikum 'yan gida, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, na kasa zama wuri guda.

Mahaifina limamin unguwarmu ne a Kebbe, mahaddacin Alƙur'ani. Bara ya fara wani abu, yana cikin karatu sai ya tsaya cak, ya ƙura ido yana motsa baki kamar mai tauna, bayan minti guda ya dawo bai san an yi ba. Ni ce na yi karatun lafiya a gidan, na matsa aka kai shi asibiti Sakkwato. Likita ya ce farfaɗiya ce, daga hippocampus take tashi, sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe abin da mutum ya koya. Wai akwai sinadarin glutamate da ke zaburar da ƙwayoyin wurin ta wasu 'yan ƙofofi, in sun buɗe daidai, da su ake hadda, in sun wuce kima sai ƙwayoyin su tashi gaba ɗaya. Ya ba shi magani mai rage zaburar.

Wata biyar abin bai dawo ba, amma Baba ya ce kansa ya yi nauyi, aya ta zo bakin harshe ta gudu. Wata Magariba yana jan salla sai da aka tuna masa aya sau biyu daga sahu, ya shigo gida bai taɓa tuwo ba.

Satin jiya na ga ƙwayoyin maganin cikin gafakarsa, na sati uku, bai sha ba. Na yi magana ya yi mini faɗan da bai taɓa yi ba, ya ce, "Shekara arba'in nike riƙe da Alƙur'ani, ba ƙwaya ka raba mu ba." Ya ce in na faɗa wa Inna ko Yaya bai yafe ba.

Jiya da safe abin ya dawo yana riƙe da kofi, shayi ya zuba a ƙafarsa bai ji ba. Na kira likitan, ya ce ana iya canza maganin, amma sai an kawo shi. Baba ya ce ba inda za shi.

Kuma duk Alhamis shi kaɗai yake hawa babur zuwa Fakku ba da karatu, jibi ke nan. In faɗa wa Yaya in ɗauki fushin uba, ko in yi shiru in tsaya ina kallo ya tada babur?