Gargasar Inna a Ƙasar Faransa

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajo, wadda ke kwance gabas da ƙauyenmu, a ƙasar Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar ɗa ga uwa, gwiwa biyu a ƙasa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'imarsa. Na sani sarai babu fataken da ke bi ta inda kike, balle in damƙa musu wannan takarda. Amma kwanakin nan na kasa zaune na kasa tsaye, kuma ke kaɗai kika saba da wannan hali nawa. Duk mai karatun ajamin da takardar ta faɗa hannunsa ya karanta, ban hana ba, sai dai ya sani ba da shi nake ba.

Daga garinku nake rubuto miki, Inna, inda aka ɗauko ki amarya, can arewa da Dungas, wurin da yanzu ake ce wa ƙasar Faransa. Damina guda cur na yi a nan ina noma gonar yayanki, Kawu Manzo. Ba wanda ya kira ni, ba kuma wanda ya yi mini alkawarin lada.

Bari in fara miki da abin da ya faru a bayanki. Kin rasu da bazara, yunwa tana tsakiyar cin mutane. Ba a daɗe ba ruwan farko ya sauka, mai yawa kuwa. Ni da ƙanena Sale muka fasa yumɓun da kika liƙe bakin goran irinki da shi, muka fita gona. Ina gaba da sungumi ina sara, shi yana biye yana zuba iri yana rufewa da diddige, aikin da ke kika saba yi. Gero ya tsiro gwanin kyau. Sai sama ta ɗauke kamar an yi mata laifi, rana ta buɗe, muna ji muna gani ya ƙone ƙurmus. Ko ƙwaya ɗaya ba ta rage a goran ba.

Kin san abin da muka rasa. Gargasarki ce, geron nan mai gashi a zangarniya wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa, mai nuna tun na maƙwabta bai fid da kai ba. Da shi kika zo gidan Baba, kuma duk ƙauyenmu ba mai irinsa sai ke. Sale ya samo 'yar dawa wurin surukansa na Gagarawa ya sake shuka, hankalinsa ya kwanta. Ni nawa ya ƙi. Ina ganin kamar sau biyu muka binne ki. Na ce masa zan bi sawun geron har inda ya fito, ya dube ni ya ce dama ƙafata ta daɗe tana neman dalili.

Na ratsa Gumel ban tsaya ba. A Maigatari na tarar da mutanen arewa suna ta kwararowa kudu, da 'yan ƙullin kayansu a ka, wasu yunwa ta koro su, wasu gudun aikin tilas na Faransawa. Wata mai sayar da goriba ta tambaye ni ina na nufa, da na faɗa mata sai ta ce, “Kowa na gudowa kai kana shiga? Ɗan nan, ko a gida ka manto hankalinka?” Gaba kaɗan na iske turken da Nasara suka kafa, wai shi ne iyaka. Rairayi ɗaya ne, sabara ɗaya ce, na wuce shi ban ji wani abu ya sauya a tafin ƙafata ba.

Kawu Manzo ya tsufa fiye da yadda kike ba mu labarinsa. 'Ya'yansa maza duk sun tsallaka kudu, daga shi sai matarsa, Iya Gambo. A bakina suka ji rasuwarki. Iya Gambo ta ɗora hannu a ka. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi, wai a wane wata ne. Da na faɗa masa sai ya tashi ya zagaya bayan rumbu, ya daɗe bai fito ba. Tun daga ranar ba ya yarda mu haɗa ido, ko cin abinci ba ya yi tare da ni. Na ɗauka baƙo ne ba ya so a irin wannan shekara, kuma ban ga laifinsa ba.

Abin da na zo nema kuwa na tarar ya riga ya shiga ƙasa. Sun yi binne, wato shuka a busasshiyar ƙasa, tun kafin ruwa, kuma nasu ruwan ya zo a makare amma bai yanke ba, gero har ya yi ganye. Sai dai wane gero ne? Ƙaramin gero duk kamarsa ɗaya, ba mai gane gargasa sai ta fid da kai. Tambaya kuma ba ta yiwuwa. Kin sani, bayan yunwa ba a tambayar mutum inda ya samo abin da ya shuka. Wani ya tona gidan tururuwa ne, wani kuwa hanyar da ya bi ba ta faɗuwa. Na dubi gonar, ciyawa na neman cinye ta, na dubi tsoho da ƙarfinsa ya ƙare. Na ce zan zauna in yi musu noma, in jira geron ya faɗa mini da kansa.

Da kin gan ni ran farko da kin yi dariya har da hawaye. Na fito da fartanyata na duƙa, irin yadda muke yi a gida. Iya Gambo ta zo ta tsaya a kaina ta ce, “Ɗan kudu, miƙe tsaye! Nan ba a durƙusa ma gona.” Ta miƙo mini ashasha, hauyar nan tasu mai doguwar ƙota da ake turawa a tsaye, tana yanke ciyawa ta ƙarƙashin rairayi. Ni da nake taƙama da ƙarfi, na zama ɗan koyo a hannun tsohuwa. In na danna ta nutse, in na sassauta ta yi tsalle. Kafin hannuna ya faɗa, kafaɗuna sun gaya mini. Abincinmu kuwa tafasa ce da 'ya'yan ƙarangiya da ɗan nonon akuya ɗaya da ta tsira. Da haka na gama noman firi, wato na fari.

Tsakanin firi da maimai, noma na biyu, aiki ya yi sauƙi, kuma a nan ne zama ya gagare ni. In na zauna sai in ji kamar tururuwa na bin jikina. Sai in ɗauki sanda in shiga daji, ban san inda na nufa ba.

Na ga ƙasarku, Inna. Na hau tuddan rairayi waɗanda in ka kai ƙoli kana hango hadari yana zuba a wani gari, kai ko ɗigo bai taɓa ka ba. Na gangara kwaruruka cike da goriba da dabino, ƙasa fara fat da kanwa, ruwa kusa har da hannu ana tona shi. Na sha nono a rugar wasu Fulani da shanunsu suka ƙare sai 'yan tsiraru, duk da haka matar ta ƙi bari in tafi ban sha ba. Na kuma ratsa ƙauyukan da ba kowa, rumbuna a buɗe, tumfafiya ta fito a tsakar gida. A irin waɗannan ba na tsayawa. Duk gonar da na gani kuwa sai na shiga na duƙa ina duban ganye, ko da yake na san ba abin da zan gane. Wani manomi har ya biyo ni da sanda, ya zaci ɓarawo ne.

A bakin rijiyar garinku wata tsohuwa ta ƙura mini ido ta ce, “Wannan tahiya ta Hajo ce.” Ta ce lokacin kuna 'yan mata ba a aiken ki ɗebo ruwa a sa ran dawowarki da wuri, sai an bi ki kwari an same ki kina jifan goriba. Ashe haka ne, Inna? Shekara da shekaru kina yi mini faɗa wai ba na zama wuri ɗaya, kina cewa ba ki san inda na kwaso wannan ƙafa ba. To, na gano inda na kwaso ta.

Da gero ya yi ciki na daina yawo. Kullum da sassafe ina gona, raɓa na jiƙa ni har ƙugu, ina bin kara ɗaya-ɗaya. Ran nan na ga wata zangarniya ta leƙo, na sa yatsa na shafa, sai gashi ya soke ni. Na duba ta kusa, ita ma haka. Na shiga gudu cikin gonar ina shafawa kamar wanda ya zautu, ko'ina gargasa ce. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'izarki.

Akwai al'adar gidanku da ba ki taɓa faɗa mana ba. In gero ya kai tumu, komai yunwar gida ba mai karya zangarniya ɗaya sai uwar gida ta zaga gona ta zaɓi na iri, ta ɗaura wa kowace zaren kaba, don kada wuƙar girbi ta haɗa su da na ci. Na bi Iya Gambo ina riƙe mata kabar. A nan na yi ƙarfin hali na ce mata namu ya ƙone, in da hali a sam mini ko kaɗan ne daga irin gidansu.

Ta tsaya da ɗaurin ta dube ni. Ta ce, “Irin gidanmu? Yaro, namu mun cinye shi tun da rani. Wannan na uwarka ne.”

Ta ce tun kakanni, in an aurar da 'ya nesa ana raba mata iri, don kada ya kwana a gida ɗaya. Gidan da nasa ya ɓace sai ya aika wa ɗayan, kuma ba a mayar da ɗan aike hannu wofi. Da suka cinye nasu, Kawu ya ba wani mai jakunan kanwa saƙo zuwa gare ki. Mutumin ya dawo da ƙulli a tsumma, rabin abin da ke cikin goranki. A watan da ya dawo, a watan kika rasu.

Inna, me ya sa ba ki gaya mana ba? Sai a lokacin na tuna wata rana da na dawo daga ɗibar ƙarangiya na tarar da ɗanyen yumɓu a hannunki, kika ce bakin goran ne ya tsage. Kin buɗe shi, kin zuba gero a tafinki, kin ji ƙanshinsa, cikinki ba komai sai ruwan tafasa. Kin auna wa yayanki, kin mayar da namu kin liƙe. Ko tafi ɗaya ba ki ɗiba kin jiƙa kin sha ba? Na yi fushi da ke. Na yi fushi da Kawu, da mai jakunan, da kakannin da suka kafa wannan al'ada. Na bar Iya Gambo tsaye da kabarta na yi ta tafiya cikin tuddai, ina tambayar kaina ko da kin ci wannan rabin, da ya kai ki ga damina. Har yau ban samu amsa ba, kuma ita ce ke hana ni zama.

Sai bayan la'asar na dawo. Na tarar da Kawu a bakin gona ya hura wuta da kara, yana gasa tumun farko. Ya murza shi a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin. A karon farko tun zuwana ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, “Ni na aika mata. Wallahi ban san abin ya kai ku haka ba. Karɓa, kai za ka fara.”

Na so in ƙi. Na tsaya da hannuna a baya, shi kuma bai sauke nasa ba, tsoho yana miƙo wa ɗan ƙanwarsa gero yana kuka ba sauti. Na duba gonar a bayansa, ta cika har inda ido ya tsaya, kuma duk daga ɗan ƙullin tsummanki ta fito. Na miƙa hannu biyu na karɓa. Da zafinsa, da zaƙinsa, da ƙaurin wuta. Na ci, Inna. Abin da kika hana bakinki, ni na ci shi, har na ƙoshi.

Ya Allah, ka ji ƙan baiwarka Hajo. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka sanyaya mata makwanci. Ta bar duniyarka da yunwa alhali hatsi na hannunta, ka ciyar da ita daga abincin Aljanna, ka shayar da ita daga tafkin Annabinka, tsira da amincinka su tabbata a gare shi. Ka ba tsoffin nan biyu lafiya, ni kuma ka saukar mini da natsuwa. Amin.

Da mun gama girbi zan kamo hanyar gida da rabonmu. Ki huta lafiya.

Ni ne ɗanki na fari, wanda kunya ta hana ki kiran sunansa har kika tafi,
Iliya.