Nonon Inna Zafaran

Daga jirgin yaƙin Ingila, gaban Ras al-Haddi
Talata, 14 ga Sha'aban 1303, bayan la'asar

Zuwa ga Yaya Zuwaina a Sur,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna Zafaran. Ki karanta wannan ke kaɗai tukuna.

Yau kwanana goma sha tara a aikin tafinta. Da hantsi muka tsayar da jirgin da Nahuda Salim bin Juma yake shugabanta, yana dawowa daga Zanzibar da kanumfari. Kin san abin da masu jiragenmu ke yi in sun hango hayaƙin Ingila: duk wani baƙin mutum a cikin ma'aikata sai a tura shi ƙasa ya ɓuya, don kada Turawa su ɗauka bawa ne su ƙwace shi. Haka Salim ya yi. Da aka ɗaga buhuna sai ga ma'aikata huɗu a kwance. Na ukunsu Mabruk ne, ɗan Inna Zafaran.

Ba shi ke nan ba. Can ciki, bayan randunan ruwa, an samu yara uku, mata biyu da namiji, da igiya a ƙafa. Waɗannan kam bayi ne, ba shakka. Hafsan Turawan ya rubuta bayi bakwai, aka ƙone jirgin. Na ce masa huɗun ma'aikata ne. Ya ce ɗa ba ya ɓuya a ƙarƙashin buhu. Ya nemi takardar 'yancin Mabruk, na ce babu, Baba da baki ya 'yanta shi a masallaci gaban shaidu.

Za a zauna a kansu gaban jakadan Ingila a Maskat. Wanda aka tabbatar bawa ne, Bombai ake kai shi, can ake sakinsa. Ban taɓa jin wanda ya dawo ba.

Ƙaninki,
Hilal bin Sarhan

Sur, 20 ga Sha'aban

Hilalu,

Lafiya muke, in wannan ce lafiya. Ni kaɗai zan karanta? Kafin takardarka ta iso, duk Sur ta ji. Inna ta ga fuskata ta ce, "Ke Zuwaina, karanta min, ba jiya aka haife ni ba."

Kai ma dai! Shekara biyar kana Bombai kana cinye kuɗin dabinon Baba, ka dawo da yaren mutanen nan a bakinka, amma ka tsaya kana kallo ana lissafa ɗan'uwanka cikin kaya. Da ka ce "babu takarda", wuƙa aka sa maka a wuya? Uwarmu ta rasu kana kwana arba'in. Inna ta ɗora ka a nonon dama, Mabruk a na hagu. Ta ce in gaya maka kai ne ma mai haɗamar.

Tunda shaida suke so, ga ta nan. Liman Nasir da Baffa Halfan suna wurin ranar da Baba ya 'yanta shi. Na sayar da munduwata na biya musu jirgi, su ne za su miƙa maka wannan. Inna ta ba da kwandon dabino a kai wa ɗanta. Kai kuma ka buɗe baki.

Allah ya kiyaye ka, duk da haka.
Zuwaina

Maskat, Lahadi, 26 ga Sha'aban, bayan azahar

Yaya,

Ina gaishe ki. Su Baffa sun iso lafiya ranar Alhamis, ana gab da zama. Zan faɗa miki yadda abin ya bi, daki-daki.

Akwai abin da ban sani ba lokacin da na rubuta miki, sai ranar Talata akawun jakada ya bayyana min. Tunda an samu bayi na gaske a jirgin, mutanen cikinsa kashi biyu ne kawai: wanda aka sato da wanda ya sato. Bawa ya tafi Bombai. Ɗa kuwa, ma'aikacin jirgin bayi ne, a miƙa shi ga dogaran Sarkin Maskat, su kai shi kurkukun kan dutse da mari a ƙafa. Na rubuta miki kada ki aiko kowa, amma takardar ta yi saɓani da su a teku.

Ranar Laraba na sami Mabruk a farfajiyar da aka tsare su. Yana ganina ya ce, "A'a, Malam Bombai! Takalmin nan bai matse ka ba?"

Na ce, "Bar wasa. Gobe in an tambaye ka, ka yi shiru. Ka bari su ce kai bawa ne."

Ya ce, "Na wa?"

"Na kowa. A Bombai na san mutane, za ka sami aiki a tashar jiragen ruwa."

Ya ce, "Ranar da Baba ya 'yanta ni an yanka akuya, kai ka cinye hantar. Yanzu so kake in mayar da akuyar?"

Na tambaye shi ko ya san da yaran a jirgin. Ya ce, "Inna tana cin abinci kuwa?" Na sake tambaya, ya juya ya kwanta.

A wurin zama sauran ukun sun sunkuyar da kai, aka rubuta su bayi. Na tari Baffa a ƙofa na yi masa bayani cikin gaggawa, ya ce, "Kai yaro, a kan Alƙur'ani zan rantse, ba a kan dabararka ba." Shi da Liman suka ba da shaida, ni na juya ta zuwa Turanci, ban rage ko kalma ba. Sannan jakada ya dube ni ya ce, "Kai fa, ka san shi?" Na ce ɗan'uwana ne, nono ɗaya muka sha. Ya ce, "Ɗa ne ko bawa?" Na dubi Mabruk, ya ɗaga min gira kamar yadda yake yi in ya ƙure ni a iyo. Na ce ɗa ne.

Jakada ya ce ya ji daɗin gaskiyata. Kafin magariba dogarai suka hau dutse da shi, shi da Salim, a sarƙa ɗaya.

Kada ki ɗora wa kanki. Munduwarki zan fanso miki.

Hilal

Sur, 2 ga Ramadan

Hilalu,

Na gaya wa Inna an tabbatar ɗanta ɗa ne gaban Turawa. Ta yi guɗa, ta sa aka raba alewa har maƙwabta. Sauran ban gaya mata ba. Kullum in an kusa shan ruwa sai ta sa a ɗauke ta zuwa bakin teku. Rubuto min yaushe zai fito, in san ƙaryar da zan yi.

Zuwaina

Maskat, Juma'a, 9 ga Ramadan, bayan sallah

Yaya,

Ina gaishe ki da ibada. Na hau dutsen sau uku, ba a bar ni na shiga ba. Jirgin Bombai ya tashi jiya da mutum shida. Gobe namu zai koma sintiri, da ni a ciki. Ga abin da ban sani ba:

Ban san shekara nawa Mabruk zai yi ba. Dogarin ƙofa ya ce ba a faɗa, sai ranar da aka tuna da mutum.

Ban san sunan yaran nan ba. Na gwada Larabci da Sawahili, ba su ji ko ɗaya ba.

Ban san ko Mabruk ne yake kai musu ruwa a hanya ba, ko shi ya ɗaure igiyar.

Kwandon dabino na ba dogari, na ce daga uwarsa. Da na koma ya ce fursunan ya tambaya ko tana cin abinci. Wannan ma ban sani ba. Ki gaya min.

Ƙaninki,
Hilal