Gidan Gilashi a Lungunmu

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Ƙawata Kafayat ce ta ja ni, da don ta ni ne ba zan je ba. Anti Veronica, malamar zane a makarantarsu ta Sabon Gari, ta jingina wani ƙaton allon katako a baranda, ta ce a hutun nan za mu gina unguwa a kansa. Ba da fenti ba, da tarkace: tsumma, kwali, tsohon hoto, duk abin da zai mannu. Manya za su fara manna unguwar yadda take, daga Kwaciri har tashar jirgi, sannan mu mu zo mu ɗora yadda muke so ta zama gobe.

Ta tambayi sunana, na faɗa, ba ta ji ba. Kafayat ta ce, "Ni'ima. Haka take, Anti, muryarta tana cikin littafi."

Talata, 5 ga Agusta

Ruwa tun hantsi. Na gama littafin da na aro, na sake komawa wajen da saurayin ya fara ganin yarinyar.

A littafi gida kullum bene ne, ƙofa tana buɗe kanta, labule har ƙasa. Ni ma ina da nawa gidan a ka. Ina da nawa Shi ɗin kuma, ban dai raɗa masa suna ba. Farar mota, agogo, ba ya yawan magana. Yana tsayawa a gindin bene, ni kuma ina saukowa a hankali… sai Kaka ta ƙwala min kira in zo in hura mata garwashi.

Alhamis, 7 ga Agusta

Yau ranar manya. Iyan su Kafayat ta kawo ƙyallen ashoke, saƙin Yarabawa. Baba Innocent mai gyaran rediyo ya zo da tsohon tikitin jirgi, ya ce da shi mahaifinsa ya shigo Kano. 'Yan dakon Singa suka yi kasuwarsu da kwalin madara da na sabulu, har da gardama a kan wa ya tare wa wani hanya.

Gam bai isa ba, sai Kaka Gumsu ta dama sitacin rogo cike da tukunyarta. Da hannunta ta yi gidanmu. Ɗakinta na bakin zaure ta yi shi da takardar nan ruwan ƙasa da take ƙulle turaren wuta a ciki in an zo saye, ƙofar kuma da gefen laffayar da uwarta ta taho da ita daga Yerwa. Duk kusurwar ta ɗauki ƙamshi, mata suna ta kai hanci jikin katako. Ita kuwa sai tari take. Ɗakin nan ba taga, hayaƙi a ƙirjinta yake kwana.

Asabar, 9 ga Agusta

Tamu ranar! Kafayat ta yi wa kwatar layinsu gada, ta jera fitilu da ledar alawa mai walƙiya. Ni na yanko gidana daga wata kalanda mai sheƙi. Gilashi tun daga sama har ƙasa, gajimare yana wucewa ta jikinsa. Kamar mai kalandar ya leƙa kaina. Na shafa sitaci na ɗora shi daidai inda gidanmu yake, ya zauna ɗas.

Anti ta daɗe tana kallo. "Ya yi kyau," in ji ta. "Me ke ƙarƙashinsa?"

Na sunkuyar da kai.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na raka Kaka ɗauko tukunyarta. Ta tsaya tana neman ɗakinta da yatsa.

"Ƙawata, wannan gidan wane ne?"

Na ce namu ne, nan gaba.

"To ni ina ɗakina? Ko kafin lokacin an kai ni makwancina, an huta da hayaƙi?"

Matan wurin suka kwashe da dariya, ita ma ta yi. Amma har muka iso gida ba ta ba ni tukunyar na riƙe mata ba.

Litinin, 11 ga Agusta

Ba ta kira ni hura garwashi ba. Ina jin ta tana yi da kanta, tana tari.

Laraba, 13 ga Agusta

Asabar za a yaye wa allon mayafi, duk unguwa za ta zo. Kaka ta ce wa Umma ba za ta je ba, wai ƙafa. Ƙafar da ta kai ta Kantin Kwari jiya.

Wallahi ban yi nufin rufe ta ba. Ban ma gan ta ba lokacin da nake mannawa, gidan kawai nake gani. Ban san wanne ya fi muni ba.

Na rufe ido in shiga gidan nawa in huta. Na hau benen, na taɓa labulen, Shi yana ƙasa yana jira. Sai na lura gidan ba ya ƙamshin komai. Kamar cikin firji.

In na ɓare, kowa zai tambaye ni dalili, kuma sai na yi magana. In na bari…

Juma'a, 15 ga Agusta

Ruwan jiya da iska ya feso har cikin baranda. Da muka je, gidana yana ƙasa, a kife. Motocin da wasu suka yanko daga mujalla ma duk sun zube. Amma ɗakin Kaka yana nan, ya ɗan yi duhu don laima, ƙamshin ma ya fi na da.

Anti ta ce laifinta ne, ta manta takarda mai santsi ba ta shan sitaci. Ta sayo gam, kowa ya mai da nasa. Kafayat ta riƙe min gidan a wurinsa. "Shafa mana, hajiyar mafarki, hannuna ya gaji."

Na tsaya ina kallon gefen laffayar nan da ke leƙowa ta ƙarƙashi.

Na ce a ba ni almakashi. Ashe da ƙarfi na faɗa, har Anti ta juyo.

Taga ɗaya na yanko, wadda gajimaren ke ciki. Na goga bayanta a siminti har santsin ya tafi, na sa sitacin Kaka da ya rage, na manna ta a bangon ɗakin. Sauran gilashin na ba Kafayat ta yi wa gadarta rumfa.

Da yamma na shiga ɗakin Kaka na ɗauki mafici ba tare da an kira ni ba. Ba ta kalle ni ba. Sai da garwashin ya yi ja na ce, "Kaka, an yi miki taga." Ta ce, "A ina?" Na ce sai in ƙafar ta warke.

Asabar, 16 ga Agusta

Ta warke.

Ta sa laffayarta ta fita unguwa. Ta kai fuska dab da allon, ta ce, "Wannan ai ta yi girma, duk mai wucewa zai gan ni ina barci." Aka yi dariya. Amma yatsanta yana kan tagar har aka gama.

Anti ta ce kowa ya faɗi abin da ya manna. Da aka zo kaina, na ce, "Kakata tana tari. Ina so iska ta riƙa shigar mata." Shi ke nan. Baba Innocent daga can baya ya ce, "Mun ji, 'yata." Wato sun ji.

Da muka dawo na ga Babanmu tsaye a zaure yana ƙwanƙwasa bangon ɗakin Kaka, yana kasa kunne. Kamar mai neman inda za a fasa taga.

Litinin, 18 ga Agusta

Na aro sabon littafi, ban buɗe ba tukuna. Ba wani dalili, turare muke ta ƙullawa.

Nawa Shi ɗin ya zo min a ka ɗazu, ina cikin fifita wuta. Motarsa ba ta shiga lungunmu, ashe. Sai da ya ajiye ta a bakin titi, ya tattare babbar riga ya tsallake kwata. Ya tsaya a jikin tagar ya yi sallama, Kaka ta leƙo ta ce, "Ɗan gidan wane ne?"

Na bar shi nan yana ba ta amsa.